Sikelin Asibiti: Tsakanin ZT-120, Salter da Seca 874, Wanne Ya Cancanci Kuɗinsa?

Mace mai ciki ba ta cewa za ta je ganin likita, cewa take yi za ta je awo. Uwa ma idan ta goya jaririnta ranar rigakafi, awo ta kai shi. Sunan ya bi aikin da ake fara yi ne: kafin a gwada jini, kafin a tambayi mutum abin da ke damunsa, sai a ce ya tuɓe takalmi ya hau sikeli. Mutane da yawa sun ɗauka cike gurbi ne kawai a kati. Alhali lambar nan da aka rubuta a saman kati ita ake ninkawa a fitar da yawan allurar da za a yi wa yaro, ita ke nuna ko ƙwaya ɗaya zai sha ko biyu, ita ce kuma ke tona ciwon da ke cin mutum a ɓoye tun watanni kafin ya kwanta. Idan sikeli ya yi ƙarya, duk lissafin da aka ɗora a kansa ya karkace, kuma ba wanda zai lura.

Wannan sharhi ya duba kayan awo uku da aka fi gani a asibitocin sha-ka-tafi da ƙananan asibitocin kuɗi: dogon sikeli mai fuskar agogo da sandar awon tsawo, wanda ake sayarwa da lambar ZT-120, sikelin ratayawa na Salter, da sikelin batir na Seca 874. Akwai kuma allon awon tsawo da tef ɗin damtse, domin nauyi shi kaɗai rabin magana ne.

Wace irin daidaito ake nema?

Ba za a iya yi wa sikeli hukunci ba sai an san aikin da lambarsa za ta yi. A ɗauki maganin zazzaɓin cizon sauro, irin su Coartem. Yaro mai kilo 5 zuwa ƙasa da 15 ƙwaya ɗaya yake sha a kowane lokaci, daga 15 zuwa ƙasa da 25 biyu, daga 25 zuwa ƙasa da 35 uku, daga 35 zuwa sama huɗu, sau biyu a rana har kwana uku. Yaron da nauyinsa na gaskiya kilo 15.4 ne, amma sikeli ya nuna 14.5, rabin abin da ya kamata zai sha na tsawon kwana ukun. Idan zazzaɓin ya dawo bayan sati biyu, maganin za a ɗora wa laifi, ba sikelin ba.

Allurar atesunet ta zazzaɓi mai tsanani ta fi wannan tsauri: miligiram 3 a kowane kilo ga yaron da bai kai kilo 20 ba, miligiram 2.4 ga wanda ya kai ko ya wuce. Yaro mai kilo 8 miligiram 24 ke nan. Idan aka haɗa kwalbar miligiram 60 ta zama mililita 6 don yi ta jijiya, mililita 2.4 za a zuƙa. Wanda ya yi kintace da ido ya ce yaron zai kai kilo 12 ya ƙara masa rabin maganin a banza. Haka ƙarin ruwa yake ga yaron da gudawa ta tsotse: mililita 100 a kowane kilo ta jijiya idan abin ya yi tsanani, ko ruwan gishiri da suga mililita 75 a kowane kilo cikin awa huɗu idan da dama-dama. Ƙarin jini ga yaro, mililita 20 a kowane kilo idan cikakken jini ne. Hatta farasitamol miligiram 10 zuwa 15 ne a kowane kilo. Ga jarirai sababbin haihuwa kuwa, allurar jentamaisin, ta kashe ƙwayoyin cuta, idan ta yi yawa tana taɓa ƙoda da ji, kuma jariri mai kilo 1.5 kuskuren giram 100 a wurinsa ya kusa kashi 7 cikin 100 na jikinsa gaba ɗaya.

Sai tamowa, inda abin ya fi laushi. A jadawalin girman yara da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2006, ana kwatanta nauyin yaro da tsawonsa. Yaro namiji mai santimita 80, tazarar da ke tsakanin layin rama matsakaiciya da layin rama mai tsanani kimanin giram 700 ce kacal. Yaro mai kilo 6 da ke cin abincin tamowa na leda a gida, idan yana ƙara kimanin giram 5 a kowane kilo a rana, giram 200 da 'yan kai zai ƙara a sati. Sikelin da ba ya ganin abin da ya gaza rabin kilo ba zai iya gaya maka ko yaron nan yana murmurewa ko yana tsaye wuri ɗaya ba.

Manya ba sa bukatar irin wannan ƙwanƙwance, amma suna bukatar sikelin da ba ya canza magana. Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce. Mai ciwon zuciya da ya ƙara kilo biyu cikin kwana uku ba ƙiba ya yi ba, ruwa ne ke taruwa a jikinsa, sau da yawa tun kafin ƙafa ta nuna kumburi sosai. Mai wankin ƙoda ana auna shi kafin a ɗora shi a na'ura da bayan an sauke shi, bambancin shi ne ruwan da aka cire. Mai tarin fuka yawan ƙwayoyinsa bisa nauyinsa ne, kuma ƙaruwar nauyi wata bayan wata na cikin alamun magani na aiki. Wanda ya rasa kashi 5 cikin 100 na nauyinsa cikin wata shida zuwa shekara ba tare da ya nema ba, dole a binciki ciwon suga, tarin fuka, ƙanjamau ko ciwon daji. Duk waɗannan kwatanci ne tsakanin awon yau da na jiya, don haka sikeli ɗaya ya kamata a riƙa hawa.

ZT-120

Wannan shi ne wanda kusan kowa ke saya idan zai buɗe asibiti, kuma dalilin a fili yake. Yana da araha idan aka kwatanta da sauran, ba ruwansa da batir ko wuta, ana samunsa a kowane shagon kayan asibiti, kuma abu ɗaya ya haɗa awon nauyi da na tsawo. Masana'antu daban-daban a Sin ke ƙera shi da lamba ɗaya, shi ya sa ingancin ƙarfe da sifirin ɗinsa bai zama ɗaya ba. Yana ɗaukar kilo 120, kowane zane a fuskar agogon rabin kilo ne, sandar tsawon kuma daga santimita 70 zuwa 190. Akwai ɗan'uwansa da ya fi shi ɗaukar nauyi, ZT-160, ga inda ake samun masu jiki.

Ga babban mutum, matuƙar an kula da shi, yana yin aiki. Kulawar ita ce: a ajiye shi a daɓen siminti ko tayil mai baje, ba a kan kafet ko inda ƙafa ɗaya ke lilo ba, kowace safiya a duba tsinken agogon yana kan sifili, idan ya goce a murɗa maɓallin saiti, mai karantawa ya tsaya daidai gaban agogon, domin kallon gefe na iya ƙara ko rage rabin kilo, wanda ake aunawa ya tsaya a tsakiyar faifan, kada ya dafa sandar. Abubuwan da ke kashe shi uku ne. Na farko, yara da ke tsalle a kansa a ɗakin jira, sifirin ya miƙe ya daina komawa. Na biyu, ƙurar hunturu da ruwan goge-goge da ke shiga ƙarƙashin faifan, ƙarafan da ke ɗauke da nauyin su yi tsatsa su riƙa sarƙewa. Alamar haka ita ce mutum ɗaya ya hau sau uku a jere ya sami lamba uku. Na uku, jan shi a ƙasa daga ɗaki zuwa ɗaki, wanda ke sa ƙugiyar da ta haɗa faifan da agogon ta goce. Wani abin lura: sikelin da sifirinsa ya miƙe zai iya zama daidai a kan sifili amma ya yi ƙarya a kilo 60, don haka ganin tsinke a sifili ba shaida ba ce.

Sandar tsawonsa ita ce mafi rauni a jikinsa. Mutum na tsaye a kan faifan da ke motsi, babu bango a bayansa da zai jingina ya miƙe, ɗan marfin da ke sauka a ka siriri ne kuma da ya tsufa sai ya riƙa sunkuyawa, sannan sandar hawa biyu ce mai shiga cikin juna, sababbin ma'aikata kan karanta lambar a gurbin da ba shi ba. Kuskuren santimita biyu ko uku a nan ba abin mamaki ba ne, kuma yana da tasiri. Ma'aunin ƙiba na BMI, wanda asalinsa lissafin Adolphe Quetelet ne, masanin ƙasar Beljiyam a ƙarni na 19, kuma Ancel Keys ya raɗa masa wannan suna a 1972, ana samunsa ne ta raba nauyi da tsawo a mita da aka ninka da kansa. Mai kilo 73 da mita 1.70 yana da 25.3, ya shiga sahun masu nauyi fiye da kima, tunda iyakar daidai daga 18.5 ne zuwa 24.9. Idan aka rubuta masa 1.73 saboda takalmi ko hula, lissafin ya koma 24.4, an wanke shi. Tunda ninka tsawon ake yi da kansa, kuskurensa ya fi na nauyi ciwo.

Ga yara ƙanana kuwa, ZT-120 bai dace ba sam. Dabarar da ake yi ta a auna uwa da goyo, a sauke yaron a sake auna ta, a debe, tana haɗa kuskure biyu ne wuri ɗaya: rabin kilo a nan, rabin kilo a can, a kan yaro mai kilo bakwai. Asibitin da ke ganin yara kuma wannan ne kaɗai sikelinsa, kintace yake yi.

Sikelin banɗaki da ake saya a kanti bai cancanci dogon bayani ba. Mai agogo zanensa kilo ɗaya-ɗaya ne kuma ba a yi shi don mutum hamsin a rana ba. Na batir mai gilashi ya fi shi karantuwa, amma da yawansu na maimaita lambar da ta gabata idan nauyin ya yi kusa da ita, wanda ke sa a zaci suna da daidaito. Don gida ya wadatar.

Salter 235

Salter kamfanin Ingila ne da ya samo asali tun 1760, kuma sikelinsa na ratayawa shi ne wanda duk uwar da ta taɓa zuwa awon yara ta sani: zagayayyen agogo, ƙugiya sama, ƙugiya ƙasa, da ɗan wandon da ake zura yaro. Yana ɗaukar kilo 25, kowane zane giram 100. Wannan ya ishi aikin tamowa da lissafin magani ga yaro daga 'yan watanni zuwa shekara biyar. Yana shiga jaka, ana rataya shi a reshen bishiya ko a azarar rumfa, ba ya neman ƙasa mai baje, ba ya neman batir. Ga ma'aikacin da ke shiga ƙauye a babur, har yanzu da wuya a sami madadinsa a kuɗinsa.

Yadda ake aiki da shi ne ke raba awo mai kyau da maras kyau. A rataya shi da igiya mai ƙarfi, fuskarsa daidai idon mai karantawa. A rataya wandon babu kowa a ciki, sannan a murɗa tsinke ya koma sifili. Wanda ya yi saitin kafin ya rataya wandon ya ƙara wa kowane yaro nauyin wandon. A tuɓe wa yaro kaya, har da kunzugu idan ya jiƙe, a roƙi uwa ta cire guru ko laya mai nauyi na ɗan lokaci. A zura ƙafafunsa, igiyar wandon ta kasance a gabansa, a ɗauke shi ta jiki ba ta igiya ba, a rataya. Kada ƙafarsa ta taɓa ƙasa, kada ya riƙe uwarsa. A jira tsinke ya tsaya, a faɗi lambar da ƙarfi, mai rubutawa ya maimaita ta.

Aibinsa na farko shi ne yara sun tsane shi. Yaron da ke wutsil-wutsil yana kuka yana sa tsinke rawa tsakanin giram 300 ko fiye, mai gaggawa kuma sai ya ɗauki duk lambar da idonsa ya faɗa a kai. Wurare da yawa sun maye wandon da bahon roba mai igiya huɗu da aka ɗaure daidai wa daida, a rataye kusa da ƙasa. Yaro ya fi natsuwa a zaune, kuma baho ya fi sauƙin wankewa da ruwan kulorin tsakanin yaro da yaro, abin da ke da muhimmanci ƙwarai a lokacin gudawa da amai. Aibi na biyu, bai dace da jariri sabon haihuwa ba, wanda wuyansa bai tsaya ba kuma ake son ganin giram 10 ko 20 a jikinsa. Layin da ke raba jariri mai ƙarancin nauyi kilo 2.5 ne, kuma jariri kan rage har kusan kashi 10 cikin 100 a kwanakin farko ya mayar cikin kwana 10 zuwa 14. Ɗakin haihuwa na bukatar sikelin jarirai mai faranti, irin su Seca 354. Aibi na uku, kasuwa ta cika da na kwaikwayo masu kama da shi, kuma sifirinsu ba ya jimawa.

Seca 874

Seca kamfanin Hamburg ne a Jamus, tun 1840 yake ƙera sikeli, kuma irin wannan ƙirar tasa ce masu binciken lafiya gida-gida kan ɗauka. Faifai ne shimfiɗaɗɗe mai aiki da ƙananan batura, yana ɗaukar kilo 200, yana nuna bambancin giram 50 har zuwa kilo 150, daga nan giram 100. Yana da fuskar lamba biyu, ɗaya na kallon wanda ya hau, ɗaya na kallon ma'aikaci, ana kuma taɓa maɓallansa da yatsan ƙafa ba sai an sunkuya ba.

Abin da ya sa ya yi wa sauran fintinkau shi ne maɓallin uwa da ɗa. Uwa ta hau ita kaɗai ba takalmi, wani na riƙe da yaron. Idan lambarta ta tsaya sai a danna maɓallin, fuskar ta koma sifili tana tsaye a kai. A miƙa mata yaron, abin da ya fito nauyinsa ne shi kaɗai. Yaron na ƙirjin uwarsa, ba kuka, ba wutsil-wutsil, ba lissafin debewa. Idan ana sanyi ko uwa ba ta son a tuɓe yaro a gaban jama'a, sai a ba ta zanen da za a lulluɓe shi ta riƙe tun kafin a danna maɓallin, nauyin zanen ya tafi tare da nata. Kuskuren da aka fi yi: uwa ta sauke jaka ko mayafi bayan an danna, ko ta miƙa hannu ta karɓi yaron kafin lambarta ta tsaya, ko mai miƙo yaron ya bar hannunsa a jikinsa. Wanda ya san tsohon sikelin UNICEF mai ɗan gilashin hasken rana da ake rufewa da hannu a kunna, aikin ɗaya ne, sai dai wannan maɓalli gare shi.

Da shi, na'ura ɗaya ta ɗauke mai ciki, tsoho mai ciwon zuciya, da yaro mai tamowa. Amma yana da sharuɗɗa. Ƙafafunsa huɗu dole su zauna a wuri mai tauri. A kan yashi ko tabarma yana ƙarya, don haka mai fita da shi ƙauye ya tafi da ɗan falankin katako mai kauri. Ba ya son rana, zafin watan Maris da Afrilu idan ya wuce maki 40 ya fita daga yanayin da aka tsara yawancin irin waɗannan na'urori su yi aiki, a ajiye shi a inuwa, kada a bar shi a bayan mota. Batir mai araha kan yi yoyo ya cinye ƙarafan gidan batir, kuma wannan na cikin abubuwan da suka fi mayar da sikeli mai tsada kayan sito. A sa batir mai kyau, a cire idan za a yi sati biyu ba a yi aiki da shi ba. Idan abin da ke jin nauyi a cikinsa ya lalace, mai gyaran rediyo ba zai iya ba. Sannan tsada: kuɗinsa ya ninka na ZT-120 sau da yawa, kuma yana bin dala.

Duk da haka, a cikin ukun nan shi ne ya cancanci kuɗinsa ga duk asibitin da ke ganin yara da masu ciki a ɗaki ɗaya.

Tsawo

Babu ɗaya daga cikin sikelin nan da ya warware maganar tsawo. Ga manya, awon bango ya fi sandar ZT-120 nesa ba kusa ba. Seca 206 tef ne mai naɗewa da ake kafawa a bango, yana kaiwa santimita 220. Wajen kafa shi ne ake kuskure: a ajiye kansa a ƙasa, a ja tef ɗin sama har sifili ya zo daidai layin karatu, sannan a huda bango. Wanda ya kafa shi da kintace ya gadar wa asibitin kuskure ɗaya na shekaru. A zaɓi bango mai santsi da babu tudun tayil a gindinsa. Seca 213 mai tsayawa da kansa, wanda ake harhaɗawa, yana auna har santimita 205, ya dace da masu yawo makarantu.

Mutum ya tuɓe takalmi da hula ko rawani. Mace ta kwance ɗaurin ɗankwali ta bar mayafi siriri, idan gashi a tufke yake a tsakiyar ka a sauke shi, kuma ya kamata a sami labule da ma'aikaciya mace don wannan. Dunduniya, sha-raɓa, mazaunai, allon kafaɗa da ƙeya su taɓa bango gwargwadon yadda jiki ya ba da dama. Kai ya daidaita ta yadda ƙasan ramin ido da saman ramin kunne za su zama a layi ɗaya. Yawancin mutane ɗaga haɓa suke yi suna zaton hakan na ƙara musu tsawo, alhali rage shi yake yi. Mutum ya fi tsawo da safe da kimanin santimita ɗaya zuwa biyu, saboda guringuntsin gadon baya na matsewa da yini.

Amfanin wannan ya wuce BMI. A awon ciki na farko, mace mai tsawon ƙasa da santimita 150, musamman mai cikin fari, ana yi mata kallon wadda ƙugunta ka iya yi wa kan jariri kaɗan, a ba ta shawarar haihuwa inda ake iya tiyata, domin doguwar naƙuda ita ce babbar hanyar yoyon fitsari. Gajarta ba hukunci ba ce, mata gajeru da yawa na haihuwa lafiya, amma dalili ne na yin shiri. Tsohuwar da ta rage santimita huɗu daga tsawonta na ƙuruciya, ƙasusuwan bayanta ka iya zama sun yi laushi sun durƙushe. Maganin ciwon daji da faɗin fatar jiki ake lissafa shi, wanda ke fitowa daga tsawo da nauyi tare: mai santimita 170 da kilo 70 yana da kimanin murabba'in mita 1.8. A rabon maganin tsargiya a makarantu kuwa, sanda mai zane-zane ce ke tsayawa a madadin sikeli, daga santimita 94 zuwa sama, tsawon yaro ya nuna yawan ƙwayarsa. BMI ɗin kansa yana da iyaka: ɗan dambe ko ɗan kokawa mai tsoka zai fito a mai ƙiba, mai kumburi zai fito a mai ƙoshin lafiya, kuma ba a amfani da iyakokin manya ga yara ko ga mai tsohon ciki. Tef ɗin tela a kewaye ciki yana cike wannan giɓi. Kewayen cikin ya kasance ƙasa da rabin tsawon mutum.

Yara allon katako ake yi musu, irin mai kaiwa santimita 130. Wanda bai kai shekara biyu ba a kwance, wanda ya kai a tsaye. Idan ba a san shekarunsa ba, ƙasa da santimita 87 a kwantar da shi. Awon kwance ya fi na tsaye da kimanin santimita 0.7, don haka idan ɗan shekara uku ya kasa tsayuwa aka auna shi a kwance, a debe wannan. Aikin mutum biyu ne: ɗaya ya riƙe kai ya manne da kan allon, ɗaya ya danne gwiwoyi a hankali ya turo katakon ƙafa ya zauna a tafin ƙafa, yatsu na kallon sama. Kafinta na iya ƙera allon, kuma hakan na rage kuɗi sosai, amma a duba abu uku: tef ɗin ya fara daga sifili daidai gindin allon, katakon da ke zamewa ya zauna a kusurwa madaidaiciya ba ya girgiɗi, itacen kuma busasshe ne da ba zai lanƙwashe da damina ba.

Tef ɗin damtse shi ne mafi araha a duk kayan nan, kuma yana kama yaron da ke bakin haɗari cikin minti ɗaya. Launi uku ne a jikin tef ɗin. Ga ɗan wata 6 zuwa 59: ƙasa da santimita 11.5 ja, tamowa mai tsanani; 11.5 zuwa ƙasa da 12.5 ruwan ɗorawa, tamowa matsakaiciya; daga 12.5 kore. A auna a tsakiyar damtsen hagu, tsakanin ƙashin kafaɗa da gwiwar hannu, hannu a sake, kada a matse kada a bar shi sakwa-sakwa. A duba tef ɗin da ke aljihun tebur da kyau, domin tsofaffin da aka buga kafin 2009 jansu a santimita 11 yake tsayawa. Kuma kafin a amince da kowace lamba, a danna bayan ƙafafun yaro biyu da babban yatsa na daƙiƙa uku. Idan gurbi ya zauna a duka biyun, tamowa ce mai tsanani ko da sikeli ya nuna nauyi mai kyau, don ruwa yake aunawa.

Wa ya kamata ya sayi me

Kemis ko asibitin da manya kaɗai ke zuwa, ZT-120 ya isa don nauyi, a ƙara masa tef ɗin bango. Asibitin sha-ka-tafi mai awon ciki da rigakafi ya fi kyau ya haƙura ya tara kuɗin Seca 874, da allon katako da tef ɗin damtse. Idan kuɗin bai kai ba, ZT-120 ga iyaye, Salter da baho ga yara. Inda ake karɓar haihuwa, sikelin jarirai mai faranti ba zaɓi ba ne, dole ne. Wanda ya sayi na batir ma ya ajiye Salter a kabad don ranar da batir ya mutu.

Ko wanne aka zaɓa, a gwada shi a shago kafin a biya. Mutum ɗaya ya hau ya sauka sau uku, lambar ta dawo ɗaya. Ya tsaya a tsakiya, ya matsa gefe, kada bambancin ya wuce zane ɗaya. Ya hau hannu sake, ya sake hawa riƙe da gorar ruwa mai lita ɗaya da rabi, a ga ƙarin kusan kilo ɗaya da rabi. Bayan an kai shi asibiti, a samo duwatsun awo na kilo 5 da 10. Idan babu, a cika jarka biyu da busasshen yashi, a auna su a sikelin da aka amince da shi, a rufe bakinsu da kyau a rubuta nauyin a jiki. Kowane sati a ɗora su ɗaya-ɗaya, sannan tare, a rubuta abin da ya fito da kwanan wata a bayan littafin rajista. Salter ko Seca da ya goce fiye da giram 100, ko ZT-120 da ya goce fiye da rabin kilo bayan an yi masa saitin sifili, a janye shi daga aiki har sai an gyara. Allon tsawo kuma a riƙa gwada shi da sandar ƙarfe mai santimita 100 cif.